Lissafin Da Sa Ya Tafi Da Shi

A Yako, idan ka ce kana neman Malam Gwadabe, sai an tambaye ka wanne, domin akwai mai gyaran keke, akwai kuma ladanin masallacin kasuwa. Amma idan ka ce Malam Gwadabe na sa, ko yaron da aka haifa bayan mutuwar san zai kai ka har ƙofar gidan.

Abin ya faru ne da daminar 1986, ranar kasuwa. An yi ruwa tun da asuba, ƙasa duk ta jiƙe. Malam ya shiga kasuwa neman bel ɗin injinsa na niƙa da ya tsinke, mai kayan ya ce masa ya jira motar Kano ta iso. Sai ya koma gindin tsamiyar da ke bakin kara, inda ake cinikin shanu, ya tsuguna. Shi kuwa mutum ne da ba ya iya zama haka kawai. Kullum akwai guntun gawayi a aljihunsa, kamar yadda wasu ke yawo da goro. Da a ce rani ne, da ƙasa ce allonsa, amma ranar ko'ina taɓo ne. Ya duba hagu, ya duba dama, sai ga wani farin sa kwance kusa da shi yana tuƙa, gefen cikinsa a shimfiɗe fes kamar bangon da aka shafe da farar ƙasa jiya.

Waɗanda suka gani sun ce sai da ya shafa bayan san kafin ya fara, don ba mutum ne marar ladabi ba. Ya soma rubutu daga ƙasan tozo, lamba a ƙarƙashin lamba, yana gangarowa wajen cinya. San ya ɗauka susa ake yi masa, har ya lumshe ido. Ana cikin haka sai mai shi, wani Bafulatani mai suna Hamman, ya gama sayen kanwa, ya yi wa shanunsa kira daga can bakin hanya. Sa ya miƙe, ya girgiza, ya bi 'yan'uwansa hanyar Ɗansoshiya, da lissafin Malam a jikinsa.

Malam ya tattare babbar riga ya bi shi, gawayi a hannu, yana cewa, "Dakata mana, saura kaɗan." Duk kasuwa ta tsaya kallo. A wajen masu tukwane taɓo ya riƙe masa takalmi ɗaya, bai ko waiwaya ba. Sai a bakin rafi ya cim musu, inda shanun suka tsaya shan ruwa.

Hamman ya dube shi daga sama har ƙasa. Kakan Malam Babarbare ne, saboda haka tsakaninsa da kowane Bafulatani akwai wasa tun kafin a gaisa.

"Modibbo, sayensa za ka yi ne, ko sata?"

Malam yana haki ya ce, "Ba ko ɗaya. Aikina ne a jikinsa. Riƙe mini shi in ƙarasa."

"To, yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Barebari sun rasa gona, sun koma shuka a jikin shanu."

Amma ya riƙe masa ƙahon. Malam ya sunkuya ya duba, ya tarar san ya yi ta korar ƙuda da jela a hanya, layukan ƙasa sun zama dabbare-dabbare. Ya cike abin da ya goge daga abin da yake tunawa, ya ƙarasa, ya ce, "Akwai saura." Ya gode wa Hamman, ya gode wa san, ya juyo gari da takalmi ƙafa ɗaya. Motar Kano kuwa ta zo, an sayar da bel ɗin ga wani.

Daga ranar suka ƙulla abota da Hamman. Wani abin dariya ma, san ya yi ƙiba sosai a wannan shekarar, sai magana ta bazu a rugage cewa akwai wani malami a Yako mai rubutun ƙiba. Har daga wajen Doguwa wani ya koro ramammiyar saniya ya kawo masa. Malam ya yi masa bayani a tsanake cewa abin da ya rubuta rabawa ce, ba addu'a ba, ya kuma ba shi shawara ya nemi malamin dabbobi. Mutumin ya tafi yana ƙunƙuni cewa malaman yanzu rowar asiri gare su.

Kafin injin niƙa, Malam Gwadabe malamin firamare ne. Ya koyar a Bebeji, ya koyar a Burumburum, daga ƙarshe aka dawo da shi gida Yako, inda mu muka shiga hannunsa. Siriri ne, dogo, mai ƙaramar murya, kuma ban taɓa ganin ya ɗaga bulala ba. Idan ka yi kuskure a allo, sai ya tsaya yana kallon lambar da ka rubuta da tausayi, kamar ka taka wa wani ƙafa, har sai kai da kanka ka ji kunya ka gyara. Maganarsa ta kullum ita ce lissafin da ba a sake dubawa ba, ba a gama shi ba.

A wurinsa lambobi mutane ne, kowace da halinta. Cika da mara kowa ya sani, tun muna wasan da tsakuwa a hannu. Shi sai ya wuce nan. Ya ce akwai lambobi masu iyali, waɗanda ake iya rabawa kashi-kashi daidai ba saura, kamar goma sha biyu, da za ta rabu wa mutum biyu, ko uku, ko huɗu, ko shida. Akwai kuma gwauraye, irin su bakwai da goma sha uku da ashirin da tara, waɗanda ba mai raba su sai ɗaya da su kansu. Ya ce kada mu raina gwauraye, domin duk wata lamba mai iyali, idan ka bi asalinta, gwauraye ne suka haɗu suka haife ta.

Su ma masu iyalin bai bar su haka ba. Sai ya ce a tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta. Idan jimlar ta fi ta, mai yalwa ce. Goma sha biyu ke nan: ɗaya da biyu da uku da huɗu da shida sun ba da goma sha shida. Idan jimlar ba ta kai ta ba, mai ƙaranci ce, kuma ya ce yawancin lambobi haka suke, kamar yawancin mutane. Idan kuwa jimlar ta zo daidai da ita, ba ragi ba ƙari, wannan ce kammalalliya, kuma samunta sai an sha wuya. Shida ce ta farko, sai ashirin da takwas, daga nan sai ka yi doguwar tafiya kafin ka ga wata.

Da wannan awon yake auna mutanen gari. Sarkin Fawa, mai gida cike da baƙi, ɗari uku da sittin ne, kusan duk wanda ya zo sai ya sami rabo. Maikano mai shayi, wanda bai taɓa ƙara wa kowa sukari ba, goma sha bakwai ne. Matarsa Safara'u kuwa ya ce ashirin da takwas ce. Da labari ya kai mata ta ce, "Ni dai na haura arba'in, ya daina yi mini ƙarya a gari." Ya yi mata bayanin ɗaya da biyu da huɗu da bakwai da goma sha huɗu, yadda suke haɗuwa su dawo da ita daidai. Ta ce ta ji, amma miya ba ta daɗi da bayani, ya kawo kuka da daddawa.

Da ya yi ritaya, sai ya sayo tsohon injin niƙa daga Tudun Wada, ya kafa shi a wata rumfar kwano kusa da gidansa. Ranar da ake wanke injin da kananzir, sai ga wani ɗan ƙarfe a liƙe a gefensa, an buga masa lamba: 35766047. Makanikin ya ce lambar kamfani ce, ba ta da wani amfani. Malam ya ce ba a taɓa yin lambar da ba ta da amfani ba, ya sa wakafi a inda ya dace, ya karanta ta da ƙarfi, miliyan talatin da biyar da 'yan kai. Nan take ya ga mara ce, biyu ba ta raba ta. Ya tara ƙwayoyinta ya sami talatin da takwas, ya ce uku ma ba ta raba ta. Ba ta ƙare da biyar ko sifili ba, biyar ta fita. Ya gwada bakwai, ya gwada goma sha ɗaya, ya gwada goma sha uku, kowace sai ta bar saura. Ya zauna a kan buhun masara ya ce, "Anya wannan ba gwauro ba ne?"

Tun daga nan sunan injin ya zama Gwauro. Mata su ce wa yara, "Kai niƙan nan wajen Gwauro, ka ce a yi laushi."

Zargi daban, tabbaci daban. Kafin a ce lamba gwauro ce, sai an gwada raba ta da duk gwaurayen da ke ƙasa da ita an ga ba mai shiga. Na taɓa tambayarsa ko zai kai har miliyan talatin ɗin ne. Ya ce a'a. Masu raba lamba biyu-biyu suke zuwa, kamar shanun huɗa, ɗaya ƙarami ɗaya babba, ko kuma su zo kai ɗaya. Dubu shida sau dubu shida ya riga ya wuce lambarsa, saboda haka idan tana da masu raba ta, ƙaramin cikinsu ba zai kai dubu shida ba. Idan ya bi gwauraye ɗaya bayan ɗaya har zuwa can bai sami kowa ba, magana ta ƙare. Sai dai su gwaurayen ma ba wanda ya jera masa su. Kowanne sai ya tantance shi tukuna kafin ya gwada shi.

Ba ya gaggawa. Da damina gona ce a gaba, da kaka niƙa ya yi yawa, wani lokacin a yi wata bai taɓa gawayi ba. Idan ya sami sarari, bayan la'asar, sai ya yi ɗaya ko biyu, ya goge lambar da ke jikin ƙyauren rumfa ya rubuta wadda ya tsaya a kai. Masu kawo niƙa har sun saba dubawa, kamar yadda ake duba hadari. Ranar san Hamman, lambar da ke hannunsa dubu ɗaya da ɗari uku da uku ce. Da ya dawo daga rafi ya rubuta ta a ƙyaure, washegari ya wuce gaba.

Mutane sun sha tambayarsa abin da za a ba shi idan ya gama. Ya ce ba komai. To me ya sa? Amsar da ya ba ni wata rana, muna zaune injin a kashe, ita ce wadda na riƙe. Ya ce, "Duk abin da na koya muku, ni ma faɗa mini aka yi. An ce duniya zagayayya ce, na yarda, na faɗa muku. An ce kogin kaza ya fi kogin kaza tsawo, ban auna ba. Ina so kafin in mutu in san abu ɗaya tak wanda ba wanda ya faɗa mini, ni na bi shi da ƙafata har ƙarshe."

Wadda ta fi shan wahalar wannan buri ita ce Safara'u. Bangon zaure ya cika, na rumbu ya cika, har murfin tukunyarta ta taɓa samu da rabawa a ciki. Ta haƙura da duka, ban da bangon ɗakinta da ke fuskantar tsakar gida, wanda take shafewa da farar ƙasa kowace sallah. Ta ce duk ranar da ta ga gawayi a nan, shi da Gwauro za su ci tuwo a rumfa. Ita ma ba baƙuwar lamba ba ce, ta yi ajin yaƙi da jahilci na matan aure, kuma rubutunta ya fi nasa kyau. Sai dai ta ce ita ta koya ne don ta karanta katin asibiti, ba don ta ɓata bango ba.

Wajen 1991 aka fara lura rubutun Malam yana girma. Da, rabawa guda tana shiga tafin hannu biyu. Sai ta koma cin rabin bango. Ya fara gaisa da mutane da sunan wasu, ya zuba dawar wata a kwanon wata. Surajo, ɗan ƙanensa mai tuƙa ƙaramar bas tsakanin Kiru da Kano, ya ɗauke shi ya kai shi asibitin ido. Likita ya ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali. Ya ba shi magani na ɗigawa, ya ce zai rage saurin abin, amma ba zai tsayar da shi ba. A hanyar dawowa, da suka wuce Kwanar Ɗangora, Malam ya ce, "Ina kan dubu huɗu da 'yan kai a lissafin Gwauro."

Surajo yaron kirki ne. Mako na zagayowa ya kawo masa kalkuleta sabuwa a kwalinta, ya nuna masa lambar tana shiga cif, ya ce shi da kansa zai zauna ya danna masa sauran, kafin Juma'a an gama.

Malam ya juya ta a hannu, ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma idan ta ba ni amsa, wa ya faɗa mini?"

"Na'ura ce fa, Baba, ba mutum ba."

"To, na'ura ta faɗa mini ke nan. Da likitan ma sai in tambaye shi."

Safara'u ta karɓi kalkuletar ta jera ta a cikin kwallayenta, inda ta zauna shekaru tana ƙyalli.

Daga nan Malam ya daina jinkiri. Ya bar wa wani ɗan'uwa injin, ya rage gona. Da bango ya daina ganuwa sai ya koma masussukar bayan gari da rani, yana jan lambobi a ƙasa da sanda, kowace ta kai tsawon ɗan akuya. Idan ka hango shi daga nesa, sai ka ce mutum ne yake yi wa fili iyaka. Ya rubuta, ya ja da baya, ya karkata kai don ya gani ta gefen idon da ya rage, ya matso ya ci gaba. Makiyaya suka riƙa kauce wa wurin da dabbobinsu, don Hamman ya gargaɗe su cewa mutumin nan ba ya barin farin abu ya wuce.

Da bazarar 1994 ya kai gwauron ƙarshe da ke ƙasa da iyakarsa, shi ma ya bar saura. Malam ya dawo gida, jikansa na riƙe da sandar, ya ce a gaya wa abokai ranar Asabar bayan la'asar su zo zaure, akwai shayi da ƙosai, zai faɗi sakamako. Kafin Asabar ɗin ta zo an yi ruwan farko, ya shafe masussuka. Idon ma kamar jira yake a gama, don a 'yan kwanakin nan ya rufe, sai haske da duhu kawai yake bambantawa.

Muka taru. Akwai Sarkin Fawa, akwai Maikano da butar shayinsa, akwai Surajo, da mu tsofaffin ɗalibai. Hamman ya zo daga Ɗansoshiya da ƙwaryar nono, shi ma ya tsufa, gemu ya yi fari. Farin san kuwa ya daɗe da mutuwa. Malam ya sa farar riga, ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

Kafin ya buɗe baki Hamman ya ce, "Modibbo, kafin ka yanke wa bawan Allah hukuncin zama gwauro har abada, duk ka tambayi dangi? Har wanda jelar sana ta goge?"

Aka yi dariya. Wasa yake yi, irin wanda ya saba yi duk haɗuwarsu. Amma Malam bai yi dariya ba. Ya shiga murza gefen rigarsa.

Ya ce, "Dubu ɗaya da ɗari uku da uku. Layi biyu na ƙasa daga ka na cike su."

Sarkin Fawa ya ce, "Haba Malam, guda ɗaya cikin wannan tulin? Shayi na hucewa."

"Me nake gaya muku a aji?" Ya juyo da fuskarsa wajen da muke.

Muka amsa tare, mu da gemunmu, kamar 'yan aji uku: lissafin da ba a sake dubawa ba, ba a gama shi ba.

Na ce ya kawo gawayin in rubuta masa. Ya ce a'a. "Ku ɗalibaina ne. Idan na yi kuskure za ku gyara a ɓoye don kada in ji kunya, ya zama ku kuka yi. A gidan nan mutum ɗaya ce ba ta taɓa ɓoye mini kuskurena ba."

Ya lallaba ya koma bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, ya zauna a dokin ƙofa, rabin jikinsa a zaure rabi a tsakar gida. Ya ce, "Safara'u, kina kusa?"

Muryarta ta fito daga ciki. "Ina jin ku tun ɗazu. Ƙasa a jiƙe take, bangayenka kuma duk ka cinye su."

Sai muka ji ta ja tsaki ƙasa-ƙasa, muka ji takunta zuwa murhu, sannan zuwa wajen ɗakinta.

Ta ce, "Faɗi. Amma kai za ka sayo farar ƙasa."

Ya faɗa mata babbar lambar, ta rubuta, ta karanta masa. Shi yake lissafin a ka, ita hannu ce da ido. Ya ce sau biyu, a ɗebe, ta ce saura ɗari tara da saba'in. Ya ce ta sauko da shida. Sau bakwai, saura ɗari biyar da tamanin da biyar. Ta sauko da sifili. Muna zaure muna jin ƙarar gawayi a bango, Maikano ya manta da butarsa a kan wuta. Sau huɗu, saura ɗari shida da talatin da takwas. A nan Malam ya ɗan tsaya, ya ce a jikin sa ba haka ya gani ba. Ta ce ita ba ta san abin da sa ya gani ba, abin da ke gabanta ke nan. Ta sauko da huɗu. Sau huɗu kuma, saura dubu ɗaya da ɗari da saba'in da biyu.

"Sauko da bakwai ɗin ƙarshe. Me ke nan?"

"Dubu goma sha ɗaya da ɗari bakwai da ashirin da bakwai."

"Sau tara. Dubu ɗaya da ɗari uku sau tara, dubu goma sha ɗaya da ɗari bakwai. Uku sau tara, ashirin da bakwai." Muryarsa ta yi ƙasa. "Rubuta a ƙarƙashi."

Gawayi ya yi ƙara, ya tsaya.

"Malam, na sama da na ƙasa iri ɗaya ne."

"Karanta mini su."

Ta karanta, ɗaya bayan ɗaya.

"Me ya saura?"

"Ba komai."

Mu dai ba mu san inda za mu sa ido ba. Mutum ya kira jama'a don ya ce gwauro, ya ba da shekarun idonsa na ƙarshe yana neman abin da ya wuce tun kafin idon ya fara ciwo. Hamman ya sunkuyar da kai, yana wasa da igiyar ƙwaryarsa, da alama ya yi da-na-sanin buɗe baki.

Malam ya ce, "Karanta mini amsar da ke sama."

"Dubu ashirin da bakwai da ɗari huɗu da arba'in da tara."

Ya maimaita ta a hankali, kamar mai ɗanɗana miya. Sai muka ga kafaɗunsa na motsi. Dariya yake yi, marar sauti, har hawaye na bin kumatunsa.

Ya ce, "Ashe da iyalinsa. Shekara da shekaru yana zaune a rumfata, bai taɓa faɗa ba."

Safara'u ta ce daga ciki, "Haka maza suke."

Da dariya ta lafa, Surajo ya ce cikin tausayi, da an sani da ba a sha wahalar masussuka ba. Malam ya ce wahalar ba ta faɗi ƙasa ba. Duk gwaurayen da ya gwada, ban da wannan ɗayan, ba wanda ya raba babbar lambar, saboda haka ba wanda zai raba wannan sabuwar da ta fito. Ya gwada ta a ka da dubu ɗaya da ɗari uku da ukun ma, ya ce akwai saura. Ke nan ita ma gwauro ce. Lambar injinsa 'yar gwauraye biyu ce tak, ba na uku. Ya tara masu raba ta a ka, ya sami dubu ashirin da takwas da ɗari bakwai da hamsin da uku, ya ce mai ƙaranci ce ƙwarai, ta fi Maikano. Maikano ya ce a bar shi ya ji da shayinsa da ya ƙone.

"Ba abin da na so ba ne," in ji Malam, "amma na sani. Kuma ba wanda ya faɗa mini."

"Ni fa?" in ji Safara'u.

"Ke karantawa kika yi."

"To, gobe ka karanta wa kanka tuwo."

Ba a sake wa injin suna ba, don mata sun ce sun riga sun saba. Farar ƙasa kuwa an sayo, amma sallah ta zo ta wuce Safara'u ta shafe ko'ina ta bar wannan gefen. Ta ce hannunta ne ba ya kaiwa, alhali rabawar daidai kafaɗarta take.

Malam ya rayu wasu shekaru bayan haka, yana zama a ƙofar rumfa yana sauraren injin, yana gane masu zuwa da muryarsu, yana gaya wa kowa lambar da ta dace da halinsa. Hamman bai daina zuwa ba, kuma da ya ga abin bai zama ciwo ba, sai ya mai da shi abin tsokana na dindindin. Wata ranar kasuwa ina wurin ya iso, ya jingine sandarsa, ya ce, "Modibbo, ka dai yarda yanzu. Abin da Babarbare ya yi shekaru yana nema da sanda a masussuka, san Bafulatani ya tashi da shi a cikinsa tun ranar farko."

Malam ya juyo da fuskarsa wajen muryar, yana murmushi.

"Ai ban taɓa ganin laifinsa ba, Hamman. Duk ajin da na shiga nakan ce wanda ya ga amsa ya ɗaga hannu. Shi ba shi da hannu, sai ya yi ta ɗaga jela. Ni ne ban kira shi ba."